Mintuna 314: yadda goge lakabi ɗaya ya share hanyoyin sadarwa a Kubernetes na Reddit

Ranar Talata, 14 ga Maris 2023, jim kaɗan bayan ƙarfe 19:00 agogon UTC, injiniyoyin shafin tattaunawa na Reddit suka fara ɗaga ɗaya daga cikin manyan rukunan na'urorinsu na Kubernetes, manhajar da ke rarraba ayyuka a kan na'urori masu yawa, daga siga 1.23 zuwa 1.24. Cikin kimanin minti biyu shafin ya tsaya cak, kuma bai dawo daidai ba sai bayan mintuna 314. Na'urorin suna kunne, kwantenoni, wato ƙunsoshin da manhajoji ke aiki a cikinsu, suna gudana, amma fakitin bayanai ya daina sanin hanyar da zai bi daga wannan na'ura zuwa waccan. Kamfanin da kansa ya fitar da bayanin abin da ya faru, kuma lamarin ya isa mai kula da rukuni ya zauna ya bi shi daki-daki, domin tarkon da ya kama su yana nan a ɗane a wurare da yawa.

Yadda fod ke gano ɗan'uwansa

Kubernetes ya gindaya sharaɗi a kan sadarwa: kowane fod, wato ƙunshin kwantena ɗaya ko fiye masu aiki tare, yana da adireshin IP nasa, kuma dole ya iya kaiwa ga kowane fod a rukunin ba tare da an sauya masa adireshi a hanya ba. Sai dai Kubernetes bai ɗauki nauyin cika sharaɗin ba. Ya bar wa manhajar CNI, wato manhajar sadarwa da ake jona masa, kuma a rukunin da ake magana Calico ce ke riƙe da aikin.

Calico tana yanka babban filin adireshi gunduwa-gunduwa, ta ba kowace na'ura kasonta. In ba a sauya saiti ba, kason /26 ne, adireshi 64. To ta yaya na'ura ta farko za ta san cewa kason 10.20.5.64/26 yana hannun na'ura ta arba'in? Ta BGP, ƙa'idar nan da manyan kamfanonin intanet ke shelanta wa juna hanyoyi da ita. A kan kowace na'ura akwai fod mai suna `calico-node`, a cikinsa kuma ma'aikata uku. Felix yana rubuta dokokin tace fakiti da hanyoyin fod na cikin gida. BIRD yana zance da sauran na'urori a kan tashar TCP 179, yana faɗa musu kason da ke hannunsa, yana zuba abin da ya jiyo daga gare su a jadawalin hanyoyi na Linux. Na ukun, confd, shi ne magatakarda: idonsa na kan ma'ajiyar bayanan Calico, da zarar wani abu ya sauya sai ya sake rubuta fayil ɗin saitin BIRD ya sa shi karanta sabon. A manyan rukunai ana ƙara Typha a tsakani, ta karɓi sauye-sauye daga sabar API, ƙofar da duk umarnin rukuni ke bi, sau ɗaya ta raba wa ɗaruruwan na'urori, don kada kowace ta je ta tsaya a ƙofar sabar da kanta.

BGP na cikin gida yana da wata doka ta hana fakiti zagaye: hanyar da ka ji daga bakin ɗan gida, ba ka isar da ita ga wani ɗan gida. Saboda haka dole kowace na'ura ta ƙulla zance da kowace, kai tsaye. Wannan cikakkiyar raga ita ce saitin Calico na asali, a ƙarƙashin lambar AS 64512, wato lambar shaidar gidan a BGP, kuma tana tafiya lafiya har wajen na'urori ɗari. Daga nan lissafi ke juya baya. Yawan haɗin shi ne n(n−1)/2: na'ura 100 haɗi 4,950, na'ura 400 haɗi 79,800, na'ura 1,000 haɗi 499,500. Duk na'urar da ta shigo ko ta fita sai kowa ya motsa, kuma a rukunin da ke faɗaɗa da tsukewa da kansa bisa yawan baƙi, shiga da fita ba sa ƙarewa.

Maganin shi ne madubin hanya, wanda takardar ƙa'idar intanet RFC 4456 ta fayyace. Ana ware na'urori biyu ko uku a ɗage musu waccan doka, su zama kamar sanƙira: kowa ya faɗa musu nasa, su kuma su maimaita wa jama'a. Da madubai uku a rukunin na'ura 400, haɗin ya sauko daga 79,800 zuwa 1,194. Ribar a fili take. Kuɗin da ake biya kuwa shi ne, da zarar an kashe ragar da `nodeToNodeMeshEnabled: false`, duk abin da na'ura ta sani game da maƙwabtanta daga bakin madubai yake fitowa.

Lakabin aro

Ba dole ba ne a lissafa wa Calico madubai da adireshi ɗaya-ɗaya, kuma hakan yana da amfani tunda na'urori suna mutuwa ana maye gurbinsu. Ana ba ta sharaɗin zaɓe ne a cikin abin da ake kira `BGPPeer`, mai irin wannan siffa:

```
kind: BGPPeer
spec:
  nodeSelector: all()
  peerSelector: has(node-role.kubernetes.io/master)
```

Ma'anarsa: kowace na'ura ta ƙulla zance da duk na'urar da ke ɗauke da wannan lakabi, wato alamar suna da ake manna wa na'ura a Kubernetes. A Reddit, na'urorin sarrafa rukuni su ne madubai, kuma sharaɗin ya dogara ne da lakabin `node-role.kubernetes.io/master`. Zaɓen na'urorin sarrafawa ba wauta ba ne. Su ne mafi daɗewa a raye, ba a tsuke su da dare a faɗaɗa su da rana, kuma galibi uku ne a warwatse a yankuna daban. Inda aka yi sake shi ne lakabin. Ba Reddit ce ta ƙirƙire shi ba, ba Calico ba ce. Na Kubernetes ne, kuma mai abu yana da ikon karɓe abinsa ranar da ya ga dama.

Bai ma karɓe ba sai da ya yi sanarwa. A siga 1.20, ta Disamba 2020, aka ayyana cewa kalmar `master` za ta kau, aka fara manna `node-role.kubernetes.io/control-plane` kusa da tsohon lakabin. Siga huɗu aka yi ana tafiya da su biyun. A siga 1.24, ta Mayu 2022, aka cire tsohon, har daga jikin na'urorin da ke kan aiki. A kayan girka rukuni na kubeadm, matakin `kubeadm upgrade apply` da ake gudanarwa a kan na'urar sarrafawa ta farko shi ke bi ya goge lakabin daga dukkan na'urorin sarrafawa a zama ɗaya. Nan ne madubai uku suka tashi daga kariya. An tanade su ne don mutuwar na'ura ɗaya ko faɗuwar yanki ɗaya, alhali ukun a kan igiya ɗaya suke rataye.

Abin da ya biyo baya aiki ne na daƙiƙu. Lakabi ya ɓace, sharaɗin ya tace na'urori bai samu ko ɗaya ba, confd ya rubuta wa BIRD sabon saiti babu abokin zance a ciki, BIRD ya rufe haɗinsa ya janye hanyoyin da ya koya ta wurinsu, jadawalin Linux ya rage da hanyoyin fod na cikin gida kawai. Tsarin sake tashi cikin lalama da BGP ke da shi, wanda ke riƙe hanyoyi na ɗan lokaci idan `calico-node` ya mutu ya taso, bai shafi wannan ba, domin a idon BIRD ba haɗari ya faru ba, umarni aka ba shi.

Wannan shi ne ƙashin bayan lamarin. Sharaɗin zaɓe da bai kama kowa ba ba kuskure ba ne a wurin Kubernetes, ba kuskure ba ne a wurin Calico. Amsa ce halattacciya, kuma kowane ɓangare ya yi aikinsa daidai da yadda aka gina shi. Ba a samun jan rubutu a allo mai cewa madubai sun ɓace. Kayan da ake bincika rukuni da su kafin ɗaga siga, irin su pluto da kubent, sigogin API da aka yi wa ritaya suke nema, ba sa leƙa cikin sharaɗin `BGPPeer` su ga sunan lakabi.

An gwada ɗagawar a rukunan gwaji da wasu rukunan aiki kafin a iso wannan, ta wuce lafiya. Ba abin mamaki ba ne. Ƙaramin rukuni ba ya buƙatar madubi, yana zaune a kan cikakkiyar raga, goge lakabin ba ya taɓa masa komai. Gwajin ya tabbatar da lafiyar tsarin da ba shi ake shirin taɓawa ba.

Awa biyu a cikin duhu

Abu na farko da ya tafi tare da hanyoyin shi ne ido. Awon lafiyar rukunin ya daina isowa, sunayen sabis na ciki suka daina warwaruwa zuwa adireshi. Alamar DNS, tsarin da ke mayar da suna zuwa adireshi, tana da yaudara a irin wannan hali: CoreDNS fod ne kamar kowane fod, yana zaune a kan wasu 'yan na'urori, kuma duk tambayar da ta fito daga wata na'ura sai ta bi hanyar da BIRD ya riga ya janye. Mai bincike zai ga DNS ya mutu ya bi shi, alhali DNS ɗin lafiyarsa ƙalau, hanyar gidansa ce ta shafe.

Injiniyoyin sun karkata ga Calico da wuri, suka yi abin da kowa zai yi, wato sake tayar da sassanta. Suka goge fod ɗin Typha don sababbi su taso, sababbin ba su taso ba. Da aka duba sabar API sai aka ga duk wani rubutu yana jira har lokacinsa ya ƙare, kuma sawun ya kai ga OPA, mai gadin da ke duba kowace buƙata kafin a shigar da ita.

A tsaya a nan, domin wannan madauki ya fi Reddit faɗi. Typha da `calico-node` suna amfani da sadarwar na'ura kai tsaye, ba sa jiran sadarwar fod, kuma da gangan aka gina su haka don su iya tashi a kan kango. Amma ƙirƙirar fod ɗinsu rubutu ne a sabar API. Sabar API kuwa, kafin ta karɓi rubutu, tana kiran mai gadi ta adireshin fod ɗinsa. Fod ɗin yana can a wata na'ura da babu hanyar zuwa. A sigar `admissionregistration.k8s.io/v1`, in ba a faɗi komai ba, `failurePolicy` yana kan `Fail`, jira kuma daƙiƙa 10 ne, iyakarsa 30. Wato in mai gadi bai amsa ba, a ƙi buƙatar. Sai ga shi gyaran sadarwa yana jiran izinin mai gadi, mai gadi yana jiran sadarwa. Sun goge saitin mai gadin, jinkirin rubutu ya kau nan take, amma rukunin bai farfaɗo ba, tunda lakabin har yanzu babu shi kuma ba wanda ya san ana nemansa.

Bisa yadda Calico ke aiki, mayar da lakabin a kan na'urorin sarrafawa da `kubectl label node` zai sa sharaɗin ya sake kama su, confd ya sake rubutu, hanyoyi su dawo. Layi ɗaya ne. Amma ba a buga layin da ba a san da shi ba, kuma dalilin rashin sanin yana da tarihi. Shekaru kafin nan wata tawaga ta girka madubai, mutanenta suka watse zuwa wasu ayyuka. An yi saitin da hannu ta kayan umarnin Calico, an ɗora shi kai tsaye a rukunin, ba a ajiye kwafinsa a ma'ajiyar lamba ba, wato inda ake adana rubutun manhaja da saiti. Wanda ya bincika ma'ajiyar yana neman kalmar `master` kafin ɗagawa ba zai same ta a nan ba, domin wurin da take kaɗai shi ne cikin rukunin da ke gudana.

Komawa baya

Bayan kimanin awa biyu aka yanke shawarar dawo da rukunin daga kwafin ajiya. Shawara ce mai nauyi. A lokacin Kubernetes ba shi da hanyar sauka daga siga zuwa ta baya da aka amince da ita, saboda ɗagawa tana sauya bayanan da ke cikin etcd, ma'ajiyar da ke riƙe da bayanan rukunin. Abin da ya rage shi ne a rushe sashen sarrafawa, a girka tsohuwar siga, a zuba hoton etcd da aka ɗauka kafin a fara. An kashe na'urorin aiki ma, kuma hikimar hakan a bayyane take: hoton yana bayanin duniyar da ta wuce, in aka bar na'urori suna gudana da abin da ya saɓa masa, sabon sashen sarrafawa zai farka cikin rigimar daidaita su tun bai tsaya da ƙafarsa ba.

Yanke shawarar daidai ne. Abin da ya ci lokaci shi ne takardar matakan. An rubuta ta ne don wata tsohuwar siga, tun zamanin da Docker ke gudanar da kwantenoni, alhali rukunin ya koma wata manhajar, CRI-O. Dole aka riƙa gyara umarnan ana cikin gobara. Sannan takardar ba ta jaddada cewa a mayar da kwafin a kan na'urar da aka ɗauke shi ba. Takardun shaidar TLS, waɗanda na'urori ke tantance juna da su, suna ɗauke da sunan na'ura da adireshinta, in aka zuba na wata a kan wata sai sauran na'urorin sarrafawa su ƙi shiga, domin sunan da ke jikin shaidar bai dace da mai miƙa ta ba. Ana gane wannan da `openssl x509 -noout -text` a kan fayilolin shaidar, a duba jerin sunayen da aka yarda da su. A kan haka kuma AWS, kamfanin da ke ba su hayar na'urori, ta rasa irin girman na'urar da sashen sarrafawa ke amfani da shi, sai da aka koma wani girman.

Da rukunin ya tashi ba a buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Ma'ajiyoyin wucin gadi sun huce, wato babu amsoshin da suka saba riƙewa a cikinsu, kuma in miliyoyin buƙatu suka afko a lokaci guda, duk za su zarce kan rumbunan bayanai su durƙusar da su. Aka fara da kashi 1 cikin ɗari, sai 5, 10, 20, 35, 55, 80, har 100.

Sai bayan an dawo, ana tonon rajistar aiki, aka ga inda Calico ta janye hanyar na'urar sarrafawa ta farko, abin da ake tsammani tunda ana ɗaga ta, sannan nan da nan ta janye na kowa. Wannan ya kai bincike ga madubai, madubai suka kai shi ga lakabi.

Abin da mai irin wannan rukuni zai duba

Tambayar farko ita ce me ke cikin rukunin wanda babu shi a ma'ajiyar lamba, kuma rukunin ake yi wa ita, ba ma'ajiyar ba. `calicoctl get bgppeer -o yaml`, `calicoctl get bgpconfiguration -o yaml` da `calicoctl get node -o yaml` za su fito da sharuɗɗan zaɓe, da matsayin raga, da na'urorin da ke ɗauke da `routeReflectorClusterID`. A kwatanta da abin da ke rubuce. Duk abin da ya fito a nan bai fito a can ba, a shigar da shi ma'ajiya ranar, kuma a sa wani aiki mai gudana kullum ya riƙa kwatantawa yana buga ƙararrawa idan sun saɓa. Binciken sunan lakabi ma a kan abin da aka zazzago daga rukunin ake yin sa, har da abubuwan CRD, wato nau'o'in da aka ƙara wa Kubernetes irin `BGPPeer`, ba a kan Deployment da DaemonSet kaɗai ba.

Madubai su samu lakabin kansu, wanda tawagar ta raɗa kuma ita kaɗai ke taɓawa, misali `route-reflector=true`. Jerin matakan sauyawa yana da muhimmanci fiye da sunan. A fara manna sabon lakabi, a ƙirƙiri sabon `BGPPeer` kusa da tsohon, a shiga na'urori kaɗan daga yankuna daban a buga `calicoctl node status` a ga kowane madubi yana kan `Established`, sannan a goge tsohon. Wanda zai ƙaura daga raga zuwa madubai karon farko ya kula da abu biyu: sanya `routeReflectorClusterID` a kan na'ura yana fitar da ita daga ragar nan take, don haka a kwashe fod ɗin da ke kanta tukuna, kuma kashe raga shi ne mataki na ƙarshe, bayan an ga haɗin madubai ya kafu. Ko a bar madubai a kan na'urorin sarrafawa ko a ware musu nasu, ra'ayi ya bambanta. Warewa tana ƙara na'urori uku da za a biya a kula da su, amma tana raba ranar ɗaga sashen sarrafawa da ranar taɓa hanyoyi, kuma a babban rukuni wannan rabuwa ta fi kuɗinta.

Masu gadin sabar API su ma a lissafa su da `kubectl get validatingwebhookconfigurations,mutatingwebhookconfigurations`. Duk wanda ke kan `Fail` a ba shi `namespaceSelector` da ya keɓe `kube-system` da wurin da Calico ke zaune, a rage jiransa zuwa daƙiƙa biyu ko uku, a kuma rubuta umarnin cire shi a takardar gaggawa tare da ajiye kwafin saitinsa a wajen rukunin.

Ƙararrawa kuwa sai an gina ta da hannu, tunda tsarin ba zai yi kuka da kansa ba. Awo biyu sun wadatar, kuma dukansu masu arha ne. Na farko yawan na'urorin da sharaɗin madubi ya kama, `kubectl get nodes -l route-reflector=true --no-headers | wc -l`, wanda bai kamata ya sauka ƙasa da biyu ba. Na biyu yawan hanyoyin da BIRD ya zuba a kowace na'ura, `ip route show proto bird | wc -l`, wanda ya kamata ya tafi kafaɗa da kafaɗa da yawan kason adireshin da aka raba. Awon nan ya fita ta sadarwar na'ura zuwa ma'ajiyar da ke wajen rukunin, in ba haka ba zai nutse tare da abin da yake aunawa.

Rukunin gwaji, ko na'ura goma ne, a kashe masa raga a ɗora shi a kan madubai kamar babban. A can ake gwada maido da etcd kafin kowace ɗagawa, da `etcdctl snapshot save` da `etcdutl snapshot restore`, a hannun wanda ba shi ya rubuta takardar ba, ana duba agogo, don a san ko aikin na minti arba'in ne ko na awa uku kafin a tsayar da lokacin da za a daina bincike a koma baya. A can kuma ake cire lakabin daga madubi ɗaya da gangan: haɗi ɗaya ya kamata ya ɓace daga `calicoctl node status`, yawan hanyoyi kada ya motsa. Sai a cire daga dukansu, a ga hanyoyin sun zube, a ƙirga daƙiƙun da ƙararrawa ta ɗauka kafin ta isa wayar mai jiran aiki, a mayar da lakabin, a ƙirga daƙiƙun da hanyoyin suka ɗauka kafin su dawo.